Take ko Murya? Nazari a kan Gadon Elmore James cikin Kiɗan Rok

1.0 GABATARWA

Makasudin wannan takarda shi ne a yi nazarin abin da makaɗan rok na Ingila da Amurka suka gada daga Elmore James, makaɗin jita kuma mawaƙi daga cikin Baƙaƙen jihar Misisifi, wanda ya rayu daga 1918 zuwa 1963. Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin kiɗan bulus ya san ana yi wa mutumin nan kirari da sarkin masu kiɗa da wuyan kwalba, ya kuma san da wuya a ambaci sunansa ba a biyo bayansa da jerin shahararrun Turawan da suka yi koyi da shi ba. Jerin sunayen gaskiya ne, sai dai ba ya gaya mana kome game da kiɗan kansa. Abin da ya kamata mai nazari ya tambaya shi ne: me aka ɗauka a wurin James, me aka bari, kuma wa ya iya yin wani abin kirki da abin da ya ɗauka?

Ra'ayin da zan yi ƙoƙarin kafawa shi ne James ya bar wa na baya abu biyu waɗanda aka saba cakuɗawa. Na farko wata gajeruwar jimlar kiɗa ce da yake buɗe waƙoƙinsa da ita, wadda a nan zan kira ta take, domin aikin da take yi ke nan: da an ji ta an san wanda ake nufi, kamar dai yadda makaɗin fada ke kaɗa taken basarake tun kafin a ambaci sunansa. Na biyu kuwa wata fahimta ce game da matsayin jita, watau cewa in an haɗa wuyan kwalba da wutar lantarki, jita tana iya tashi daga matsayin 'yar rakiya ta zama mawaƙi na biyu, mai amsa wa na farko da murya irin tasa. Taken yana da sauƙin ɗauka, mutane da yawa kuwa sun ɗauka. Muryar ce ta yi wuya.

Saboda waɗanda wannan fage ba nasu ba ne, bulus kiɗa ne da waƙa na Baƙaƙen kudancin Amurka, wanda ya bayyana wajen farkon ƙarni na 20. Baitinsa yakan zo da ɗango uku: a rera na farko, a maimaita shi, sa'an nan na uku ya warware maganar, duka a cikin awo goma sha biyu na kiɗa. Kowane ɗango yana da awo huɗu, amma murya takan ci wajen biyu ne kawai, ta bar sauran fili ga abin kiɗa ya amsa. A riƙe wannan fili a zuciya, domin a cikinsa ne duk maganar da za mu yi take. Rok kuwa kiɗan samari ne da ya tsiro daga bulus da 'yan'uwansa a shekarun 1950, ya bunƙasa a hannun Turawa a shekarun 1960.

2.0 WUYAN KWALBA KAFIN JAMES

Jita tana da tsirkiya shida, an kuma gindaya wa wuyanta waɗansu 'yan ƙarafa sirara da suka raba shi mataki-mataki. In makaɗi ya danne tsirkiya a wani mataki sai ta ba da sauti guda tsayayye, in ya matsa gaba sai ta yi tsalle zuwa wani sautin ba tare da ta bi ta tsakaninsu ba. An ƙera ta haka domin ta dace da ma'aunin kiɗan Turai, wanda ya kasa tazarar sauti gida goma sha biyu. Muryar mawaƙin bulus kuwa ba ta zama a gidajen nan. Takan langaɓe, ta jawo sauti daga ƙasa zuwa sama, ta tsaya a tsakanin mataki da mataki. Dabarar da makaɗan karkara suka yi ita ce su fasa kwalba, su goge bakin wuyanta, su zura yatsa a ciki (waɗansu da wuƙa ko guntun bututun ƙarfe suke yi), su ɗora a kan tsirkiya ba tare da sun danne ta har ta taɓa ƙarafan ba, su riƙa zamewa sama da ƙasa. Da haka matakan sun tashi daga aiki. Wanda ya saba jin goge ko kukuma zai gane abin da ake nufi nan take, domin su ma ba su da matakai, shi ya sa suke iya bin muryar mawaƙi duk inda ta karkata.

Wannan kamanni ya daɗe yana jan hankalin masana. Paul Oliver, a littafinsa na 1970, ya ba da shawarar cewa in za a nemi tushen bulus a Afirka, to a dubi ƙasashen Sudan ta Yamma masu kayan tsirkiya, watau irin namu, maimakon bakin teku mai taron ganguna. Gerhard Kubik ya faɗaɗa maganar a 1999, har ya kwatanta waƙar wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru da ta wani mawaƙin Misisifi. Magana ce mai daɗin ji a zaure irin wannan, amma a yi hattara da ita. Kamannin yana ga salon rerawa. Ita dabarar zamewa a kan tsirkiya kuwa, shi Kubik ɗin Afirka ta Tsakiya ya fi danganta ta da ita, ta hanyar wani abin wasan yara mai waya ɗaya. Yaran Misisifi sukan kwance wayar da aka ɗaure tsintsiya da ita, su kafa ta a jikin bango da ƙusa biyu, su sa kwalba a ƙarƙashi ta ɗame ta, su riƙa bugu da hannu ɗaya suna zamewa da ɗayan. A kan irin wannan waya James ya fara kiɗa yana yaro. Ga kuma tasirin makaɗan tsibirin Hawai, waɗanda ke kwantar da jita a cinya su goga mata ƙarfe, kiɗansu kuwa ya cika Amurka tun daga 1915. James da kansa yana da wani kiɗa da ya sa wa suna "Hawaiian Boogie".

Salon dai ya girme shi nesa. W. C. Handy ya ba da labarin jin wani mutum yana goga wuƙa a kan jita a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler wajen 1903. Sylvester Weaver ya sa salon a faifai a 1923. Tampa Red ya yi suna da shi a Shikago tun 1928, Son House ya yi nasa faya-fayan a 1930. Ko haɗa shi da lantarki ma an riga James, domin Muddy Waters ya fitar da "I Can't Be Satisfied" a 1948, Robert Nighthawk kuma yana kan aiki a lokacin. Saboda haka in James yana da wata fifiko, ba ta riga-fara ba ce, dole a neme ta a cikin amon kansa.

3.0 FAIFAN 1951 DA ABIN DA YA BIYO BAYA

An haifi James ran 27 ga Janairu 1918 a Richland, cikin gundumar Holmes. Ya yi kiɗa a wuraren rawar ƙauye tun yana saurayi, ya yi yawo da mai busa hamonika Sonny Boy Williamson na biyu, ya shiga sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo sai ya zauna a Canton, inda ya yi aiki a shagon gyaran rediyo na ɗan'uwansa na riƙo, Robert Holston. Wannan zama na shago ya fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, domin a nan ya koyi cikin na'urar ƙara amo, ya riƙa yi wa tasa kwaskwarima. Sai da ya kai shekara 33 kafin ya yi faifai da sunansa. Ran 5 ga Agusta 1951, a garin Jackson, ya rera "Dust My Broom" ga kamfanin Trumpet na Lillian McMurry, Williamson yana yi masa busa. Waƙa ɗaya tak ya yi, har sai da aka sa ta wani mawaƙin a bayan faifan, aka kuma buga sunansa Elmo James. A 1952 faifan ya kai na 9 a jerin waƙoƙin Baƙaƙe da aka fi saye na mujallar Billboard.

Waƙar ba tasa ba ce tun asali. Robert Johnson ya rera ta a San Antonio ran 23 ga Nuwamba 1936, shi ma kuma ya tsinci sassanta ne a bakin waɗansu, irin su Kokomo Arnold. Sunanta karin magana ne na Baƙaƙen kudu, kakkaɓe tsintsiya, ma'ana mutum ya tattara nasa ya nasa ya bar gida ba da niyyar komowa ba. Har ma jimlar kiɗan da ta zama taken James tana nan a faifan Johnson. To me James ya ƙara?

Bari mu dubi yadda ake kaɗa ta. James yakan ɗaure tsirkiyoyinsa ta yadda in an kaɗa su shida a sake, ba a danne kowace ba, za su ba da amo guda mai jituwa. Amfanin haka shi ne duk inda aka gindaya wuyan kwalba a miƙe, jituwar tana nan, sai dai ta hau ko ta sauka. Mataki na goma sha biyu shi ne tsakiyar tsirkiya daidai, inda sauti ke komawa kansa a sama. Nan James yake zamewa ya je, ya yi ta bugun tsirkiyoyin sama uku-uku, uku-uku, har awon ya cika, yana ɗan jan kwalbar daga ƙasa a kowane zuwa, sa'an nan ya gangaro ya sauka a sautin gida. Shi ke nan. Ɗan koyo yana iya gane inda zai sa hannu a zama ɗaya, wannan kuwa shi ne sirrin yaɗuwar taken, shi ne kuma, kamar yadda za mu gani, tarkon da ke cikinsa.

Johnson da yatsunsa ya kaɗa jimlar, ba da kwalba ba, shi kaɗai a ɗaki da jitar katako. A wurinsa ado ce, kamar zare mai launi a bakin riga. James ya ɗauke ta daga bakin rigar ya mai da ita rigar. Ya sa ta a farko kafin a ce uffan, ya maimaita ta bayan kowane ɗango, ya kuma tura ta cikin na'urar ƙara amo da aka buɗe har ƙarshe. Jitarsa mai ƙoƙo ce, ta katako, wadda aka liƙa wa 'yar na'urar maganaɗisu mai zuƙo motsin tsirkiya. In aka matsa wa irin waɗannan na'urori na da, masu ƙwayayen gilashi kamar na tsofaffin rediyoyi, fiye da ƙarfinsu, amon yakan yi kaushi, ya dushe a gefe-gefe, ya kuma daɗe bai mutu ba. Injiniya zai ce lalacewa ce. James ya ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na abin kiɗan. Nighthawk yana bin tsirkiya ɗaya a hankali, da laushi, kamar mai lallashi. James yana dukan uku ko huɗu gaba ɗaya kamar mai shela a kasuwa.

Dalilin da ya sa wannan kaushi bai zama hayaniya kawai ba shi ne muryarsa. James yana rera waƙa a can ƙololuwar abin da maƙogwaronsa zai iya ɗauka, inda murya ke fara tsagewa, yana kuma girgiza ƙarshen kalma. Sa'ad da ya yi shiru a tsakiyar ɗango, kwalbar ta shiga filin nan da muka ambata da irin tsagewar, da irin girgizar, a kusan wurin da muryar ta tsaya. Mai sauraro ba ya jin an sauya daga mutum zuwa katako da waya. Ji yake kamar maganar ce ta kai inda kalma ba ta isa, ta ci gaba ba kalma. A nawa ganin wannan daidaito na murya da tsirkiya shi ne ainihin abin da James ya ƙirƙiro, taken kuwa ƙofar shigarsa ce kawai.

Ba za a ɓoye aibinsa ba. Da faifan ya karɓu, kamfanoni suka yi ta neman ya sake haifar musu shi. Ya yi wa 'yan gidan Bihari aiki a tambarinsu na Meteor da Flair, ya yi wa Chess, da Chief, daga baya da Fire na Bobby Robinson, kusan ko'ina kuwa sai an sa shi ya kaɗa taken: "I Believe" wadda ta yi kasuwa a 1953, "Dust My Blues" a 1955, da waɗansu da dama da sai an kai ga waƙar kafin a bambance su. Ƙungiyarsa ma Broomdusters aka sa mata. Wanda ya jera faya-fayan nan ya saurara a zama ɗaya lalle zai ƙosa. Uzurin da za a ba shi shi ne ba don a jera su aka yi su ba. Ɗai-ɗai suke fitowa, da watanni a tsakani, domin akwatin kiɗa na mashaya da filin rawa, inda jama'a ke son su ji abin da ƙafarsu ta riga ta sani.

Wanda ke son ya san iyakar gwanintarsa sai ya nufi waƙoƙinsa masu tafiyar hawainiya. "It Hurts Me Too", wadda ya ɗauko daga Tampa Red ya rera a 1957, da "The Sky Is Crying", wadda aka ɗauka a Shikago a 1959 ta kai na 15 a jerin Billboard a 1960, ba su dogara da taken ba. A cikinsu kwalbar tana rowar sauti. Takan ɗauki sauti ɗaya ta riƙe shi tana karkarwa, ta sake shi a makare, ta bar shiru ya yi nasa aikin, ga busar saksofon ta J. T. Brown da fiyanon Little Johnny Jones suna cike ƙasa. James ya rasu da ciwon zuciya a Shikago ran 24 ga Mayu 1963, yana da shekara 45, ana cikin shirin tafiyarsa ta farko zuwa Turai.

4.0 ALMAJIRAN FAIFAI A INGILA

Wannan tafiya da ba a yi ba tana da nasaba da irin gadon da aka ci. Muddy Waters ya je Ingila a 1958, Sonny Boy Williamson ya je a 1963 har ya yi kiɗa tare da samarin can. James bai taka ƙasar ba, ba a kuma san da wani fim da ya nuna shi yana kiɗa ba. Mabiyansa na Shikago, irin su Hound Dog Taylor da J. B. Hutto da Homesick James, sun gan shi ido da ido, sun ga yadda yake tafiyar da daren rawa tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda yaron makaɗi ke koyo a bayan ubangidansa. Samarin Landan kuwa faifai ne malaminsu. Shi faifai abin da ya fi koyarwa shi ne abin da ya fi fitowa fili, wanda za a iya ɗaga allura a mayar a sake ji sau ɗari, watau buɗewar waƙa. Daɗin daɗawa, babban faifan Robert Johnson da kamfanin Columbia ya fitar a 1961, wanda ya zama kamar littafin karatu ga samarin nan, ba ya ɗauke da wannan waƙa. Sai a juzu'i na biyu, na 1970, ta fito. Ke nan mafi yawansu a bakin James suka fara jin ta, suka ɗauka shi ne mafarinta.

Na farkon da ya kamata a ambata shi ne Brian Jones. Son James ya kai shi har ya riƙa kiran kansa Elmo Lewis, ya haɗa sunan da ke kan faifan Trumpet da nasa sunan na yanka. A watan Afrilu 1962 Mick Jagger da Keith Richards suka gan shi yana kiɗa da wuyan kwalba a wani kulob a unguwar Ealing, a dandalin Alexis Korner, daga wannan haɗuwa kuwa aka sami ƙungiyar Rolling Stones. Abin lura shi ne Jones bai tsaya a kan taken ba. A "I Wanna Be Your Man" ta 1963 ya ɗauki kaushin amon ya sa a waƙar da John Lennon da Paul McCartney suka rubuta. A "Little Red Rooster", wadda Willie Dixon ya rubuta, Howlin' Wolf ya fara rerawa, kwalbar Jones tana amsa wa Jagger ɗango bayan ɗango, a hankali, ba gaggawa. Faifan ya kai na ɗaya a Ingila a Disamba 1964. Waƙar ba ta James ba ce, amma darasin nasa ne, kuma ta wannan faifai ne kunnuwan dubban yaran da ba su taɓa jin sunan Misisifi ba suka saba da kukan kwalba.

Jeremy Spencer na ƙungiyar Fleetwood Mac shi ne ɗaya gefen. Ban san wani Bature da ya kai shi iya kwaikwayon James ba, har tsagewar murya da yadda ake cin ƙarshen kalma. Faifansu na farko, na Fabrairu 1968, yana ɗauke da "Shake Your Moneymaker" ta James, an kuma yi ta da rai. Amma a na biyu, Mr. Wonderful, wanda ya fito a shekarar, waƙoƙi huɗu ne suka buɗe da take ɗaya ba bambanci: "Dust My Broom", da "Doctor Brown", da "Need Your Love Tonight", da "Coming Home". Ana iya cewa ai James ma ya yi haka. Gaskiya ne, sai dai James ya warwatsa nasa cikin shekara goma sha biyu a ƙananan faya-fayai, kuma takensa yake kaɗawa. Spencer ya tara huɗu a babban faifai guda wanda ake zama a saurara daga farko zuwa ƙarshe, taken kuma na wani ne. Sa'ad da Peter Green ya juya ƙungiyar zuwa sabon salo a Then Play On ta 1969, kusan babu hannun Spencer a ciki, a 1971 kuwa ya bar su. Gwaninta ce ta gaske, amma ta shiga lungun da ba ya ɓullewa.

5.0 KOMAWA AMURKA

Samarin Turawan Amurka sun zo wa James ta hanya biyu, waɗansu daga mashayun Shikago kai tsaye, waɗansu kuwa sai da Ingilishi suka nuna musu abin da ke bayan gidansu. Ƙungiyar Paul Butterfield ta sa "Shake Your Moneymaker" a faifanta na 1965, Canned Heat ta yi "Dust My Broom" a 1967. Layin masu riƙe da taken bai yanke ba: George Thorogood ya yi "Madison Blues" a 1977, ZZ Top ta sake "Dust My Broom" a 1979. Kiɗa ne mai sa rawa, ba laifi, amma bai ƙara wa abin da aka sani kome ba.

Wanda ya ƙara shi ne Duane Allman. Shi da kwalbar maganin mura mai suna Coricidin yake kiɗa, yana ɗaure tsirkiyoyinsa irin ɗaurin James sai dai sama da mataki biyu, yana kuma bugu da tsurar yatsu, abin da ya ba shi damar kashe tsirkiyoyin da ba ya so su yi magana. Da haka ya iya fitar da dogayen jimloli a kan tsirkiya ɗaya-ɗaya, masu kama da busar hamonika, ba tare da ya rasa kaushi da ƙarfin da James ya kawo ba. A faifan At Fillmore East, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a birnin New York a Maris 1971, ƙungiyar Allman Brothers ta yi "Done Somebody Wrong" ta James, a Eat a Peach ta 1972 kuma akwai "One Way Out", wadda James da Williamson duka suka taɓa rerawa. A saurari yadda kwalbar Duane ke shiga bayan muryar ƙanensa Gregg: ba ta maimaita jimla ɗaya, kowane ɗango da irin amsar da take ba shi. Wannan shi ne James na waƙoƙin hawainiya, an ba shi filin da faifan minti uku bai ba shi ba. Duane ya rasu a haɗarin babur ran 29 ga Oktoba 1971 yana da shekara 24.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa muryar ce gadon, ba kwalbar ba, ita ce waɗanda suka ɗauki waƙoƙin James ba su sa kome a yatsa ba. Jimi Hendrix ya yi "Bleeding Heart" a zauren Royal Albert da ke Landan a Fabrairu 1969. Albert King ya yi "The Sky Is Crying" a 1969, Stevie Ray Vaughan ya bi sawunsa, har aka sa wa faifansa na 1991, wanda ya fito bayan rasuwarsa, sunan waƙar. Dukansu da yatsa suke tura tsirkiya gefe har sautin ya hau, su sami zamewar da kwalba ke bayarwa. Dabarar tana da tarihi, domin B. B. King ya sha faɗin cewa girgizar yatsansa ta samo asali ne daga ƙoƙarin kwaikwayon kwalbar ɗan'uwansa Bukka White.

Sai dai kada son gwani ya sa mu ba shi abin da ba nasa ba. Akan ji masu cewa buɗewar "Johnny B. Goode" ta Chuck Berry daga James take, alhali an san ta fito ne daga kiɗan Carl Hogan a wani faifan Louis Jordan na 1946. Ry Cooder ya fi karkata ga Blind Willie Johnson, Bonnie Raitt a wurin Fred McDowell ta sha. George Harrison ya ambaci sunan James cikin raha a "For You Blue" ta Beatles, wadda ta fito a 1970, amma kwalbarsa shi kansa, mai santsi da zaƙi, ba ta da dangantaka da Canton.

6.0 ABIN DA AKA BARI

Ko a hannun waɗanda suka fahimce shi, wani abu ya sauya. James mutum ɗaya ne mai murya biyu, numfashi ɗaya ke tafiyar da su, shi ya sa amsar ba ta taɓa wuce tambayar. A rok an raba aikin: Jagger na waƙa Jones na amsawa, Gregg na waƙa Duane na amsawa. Da aka raba, sai mai jita ya zama gwanin kansa, da masu zuwa kallonsa shi kaɗai, filin awo biyu ya zama na minti biyar, wani lokaci goma. Amshi ya rinjayi waƙa. A wurin Duane Allman an ci ribar wannan, domin yana da abin faɗa. A wurin da yawa daga waɗanda suka biyo baya, an sami ƙarfin amon James da kaushinsa ba tare da muryar da ta sa kaushin ya zama dole ba. An kuma yar da saksofon da fiyano a galibin ƙungiyoyi, alhali su ne ke riƙe ƙasa har kwalbar ta sami damar yin rowa. Karramawa ta zo, amma a makare: an sa shi a zauren tunawa da gwanayen bulus a 1980, a na rok a 1992, shekara 29 bayan an binne shi.

Akwai wani zama guda da ya haɗa ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya, wanda ya cancanci masu nazari su saurare shi da kyau. A Janairu 1969 Fleetwood Mac ta je ɗakin ɗaukar faifai na Chess a Shikago ta yi kwana guda tana kiɗa da dattawan garin, cikinsu har da Willie Dixon da Otis Spann. Aka kawo wa Spencer J. T. Brown, mai saksofon ɗin Broomdusters, suka yi "Madison Blues" da "I Can't Hold Out" da waɗansu waƙoƙin James. A ganina Spencer bai taɓa yin kiɗa mai daɗin wannan ba, dalili kuwa a fili yake: ya sami wanda zai saurara. Yana kaɗa abin da ya haddace daga faifai daidai wa daida, Brown kuwa, wanda ya tsaya a bayan mai abin shekara da shekaru, ba ya bin haddar. Yana jira ne ɗango ya ƙare ya ga abin da ya rage a faɗa, ya busa shi a taƙaice, ya ja baya. Brown ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekara.